Jinin jatan lande da kafson dala ashirin

A wani lungu na kasuwar Dole, wajen masu kayan miya, akwai wata mata da ke sayar da busasshen jatan lande a ƙulle-ƙullen leda. Daga kudancin Najeriya ake kawo shi ta hanyar Kano, kuma kafin ya iso Damagaram ya ci tafiyar da ta haura kilomita dubu daga bakin teku. Yawancin masu saye ba su taɓa ganinsa da rai ba, a turmi suka san shi. Taku kaɗan daga wurinta wani saurayi kan ratsa da kwali a ka, an jera katin ƙwayoyi kala-kala an ɗaure da roba, rana na dukansu tun hantsi. Na sha wucewa ta tsakaninsu ban taɓa kawo wa raina cewa hajar wannan na da alaƙa da ta wancan ba. Ashe kusan shekara talatin ke nan masana a Faransa da Birtaniya da Tailan da Sin suna zuƙo jinin jatan lande da na ƙaguwa da sirinji, suna neman abin da zai gaji kafson da saurayin nan ke talla, wato antibiyotik, maganin kashe ƙwayoyin cuta na bakteriya, domin cututtuka da yawa sun daina jin kafson.

Gwaggona tana da wani tsohon gwangwanin madara da take tara ragowar magunguna a ciki. Ranar da jikanta ya tashi da gudawa, ta aika aka sayo kafso biyu masu kai ja da rawaya, na dala ashirin. Ta ɗura masa ɗaya. Ɗayan ta ɓare, ta barbaɗa rabi a gyambon ƙafar almajirin gidan, sauran ta kaɗa wa kaji a kaskon ruwa. Na ce, "Gwaggo, ai irin wannan sai likita ya rubuta, kuma kwanaki ake yi ana sha, safe da yamma." Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Kai ɗan nan, yaro ya miƙe yana wasa, in ci gaba da ɗura masa magani don me? Kuɗin takardar likitan kai ka ba ni?" Na yi shiru, don amsar tambayar ƙarshe ba ta cikin aljihuna a ranar.

Bakteriyar da ke hanjin mutum ɗaya ta fi ƙarfin ƙirga. Kafso ɗaya tilo masu rauni yake kashewa, ya bar masu taurin kai, ya kuma share musu fili. Wata bakteriyar hanji, in ta samu yadda take so, minti ashirin ya ishe ta ta rabu biyu, don haka kafin gari ya waye zuriyar masu taurin kan ta cika wurin. Suna kuma miƙa wa juna dabarar kare kai a cikin wasu 'yan zobban ƙwayar gado, ko da jinsinsu ya bambanta, kamar yadda maƙwabta ke miƙa wa juna garwashi ta kan katanga. Alexander Fleming, wanda ya gano fenisilin a Landan a 1928, ya yi wannan gargaɗi tun a jawabinsa na karɓar kyautar Nobel a 1945, cewa mai shan maganin ƙasa da kima koya wa ƙwayar cuta jure shi yake yi.

Babban binciken da mujallar Lancet ta buga a farkon 2022 ya ƙiyasta cewa a 2019 kaɗai mutum miliyan 1.27 suka mutu kai tsaye saboda bakteriyar da ta daina jin magani, adadin da ya zarce na waɗanda zazzaɓin cizon sauro ya kashe a shekarar. In aka auna da yawan jama'a, yankin da ya fi kowanne jin jiki shi ne namu, yammacin Afirka kudu da Sahara, inda abin ya kai mutum 27 cikin kowane 100,000. A nan maƙwabtanmu Maraɗi, wani bincike da aka wallafa a 2011 kan yara masu tamowa da aka kwantar ya samu kusan ɗaya cikin uku sun iso da bakteriyar hanji mai lalata manyan magungunan dangin fenisilin, sauran kuma kusan duka sun kwashe ta kafin a sallame su. Cikin magungunan da take lalatawa har da seftiriyazon, allurar da aka dogara da ita sa'ad da sanƙarau ya ratsa jihar nan a ƙarshen 2022 da farkon 2023. Ƙwayar sanƙarau har yanzu tana jin ta. Na hanji da na mafitsara da yawa kan mage ya waye.

To me ya kai masu bincike bakin teku? Jikin ɗan Adam na da garkuwa iri biyu. Akwai wadda aka haife shi da ita, mai far wa duk baƙon da ya shigo ba tare da tambayar sunansa ba. Akwai kuma mai koyo da tunawa, wadda allurar rigakafi ke horarwa. Ita ta sa wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Jatan lande da ƙaguwa ba su da ta biyun. Ga shi kuma ruwan da suke zaune ciki, abin da bai kai rubu'in cokalin shayi ba kan ɗauki bakteriya har miliyan guda. Jininsu ba a rufaffun jijiyoyi yake yawo kamar namu ba, malala yake yana wanke kayan ciki, don haka in ɓawo ya tsage ƙwayar cuta ta samu hanya har ɗaka. Dole ne kuma su riƙa saɓa kamar maciji kafin su girma, su kwana da jiki taushi a tsakiyar wannan ruwa. Duk da haka ga su nan sun cika tekuna. Ruwa ba ya tsami banza. Lallai akwai abin da ke tsaronsu.

Kada a ɗauka wasu baƙin halittu ne. A lissafin masana dabbobi jatan lande ɗan uwan fara ne, wannan farar da muke soyawa da yaji. Duk wanda ya taɓa ɓare su biyun ya ga kamannin: ɓawo a waje, ƙafafu gaɓa-gaɓa, nama a ciki. Jinin na teku ne dai ya fita daban, don tagulla ke ɗaukar iska a cikinsa maimakon ƙarfe, shi ya sa yake komawa shuɗi-shuɗi.

Makamin nasu shi ne abin da masana ke kira peptid. Ɗauki carbi. Furotin, ginshiƙin nama da ƙwai da wake, carbi ne dogo mai 'ya'ya ɗaruruwa, an zaɓo su daga iri ashirin da ake kira amino asid. Peptid guntun carbi ne, mai 'ya'ya goma sha wani abu zuwa hamsin ko sittin. Yadda aka jera 'ya'yan shi ke sa zaren ya lanƙwashe ta wata siga, sigar kuma ita ke yin aikin. Insulin da masu ciwon suga ke yi wa kansu allura irin wannan ne, 'ya'yansa 51.

Labarin peptid ɗin jikin dabbobi masu kashe ƙwayar cuta daga dangin fara ya soma. A 1981 Hans Boman da abokan aikinsa a Suwidin suka bayyana wasu da suka fitar daga tsutsar wani babban malam-buɗe-littafin dare, bayan sun yi mata allurar bakteriya sun ga ba ta mutu ba. A 1987 Michael Zasloff a Amurka, wanda ke fiɗe wani kwaɗon Afirka don cire ƙwai, ya lura cewa yana ɗinke su ya mayar cikin ruwa mai dauɗa amma ɗinkin ba ya ruɓa. Ya bincika fatar, ya samu wani peptid da ya sa wa suna magainin. Daga baya aka gane mu ma muna da namu, a yawu da gumi da fata da bangon hanji. Zuwa yau an lissafa sama da 3,000 daga dabbobi da tsirrai da sauran halittu.

Na ƙaguwa ya zo a 1996, daga ɗakin binciken Valerie Smith a St Andrews ta ƙasar Sikotland, cikin jinin wata koriyar ƙaguwar gaɓar teku. Shekara ɗaya bayan haka Delphine Destoumieux da Evelyne Bachère a Montpellier ta Faransa suka fitar da wani mai suna penayidin daga farin jatan landen da aka fi kiwo a duniya. A 1999 mutanen St Andrews suka sake fitar da wani, wanda ya zama kakan babban dangin da aka sa wa suna kurustin. Sai abin ya ɓarke: daga shuɗiyar ƙaguwar Amurka, daga ƙaguwar laka a Sin, daga mai dogayen ƙafafu ta tekun Norwe mai sanyi.

Abin da ya sa aka ɗora musu buri yana cikin yadda suke kisa. Antibiyotik ɗin da muka saba da su kowanne wuri guda yake nufa. Bakteriya na da ganuwa kewaye da ita, irin wadda Sarki Tanimu ya kewaye Birni da ita, sai dai tata kullum cikin gini take. Fenisilin da amoksisilin maginin suke kamawa su ɗaure masa hannu, ganuwa ta tsaya rabi, ƙwayar ta fashe. Tetirasiklin masaƙar furotin ta cikin ƙwayar yake tsayarwa. Dabara ce mai kyau, amma mai shiga gida ta ƙofa ɗaya ranar da aka toshe ta ya kwana waje. Bakteriya kan sauya kamannin maginin kaɗan, ko ta ƙera wani sinadari da ke datse maganin tun a hanya, ko ta kafa famfon da ke tofar da shi waje.

A ƙarƙashin ganuwar akwai wani siririn tantani na maiƙo, shi ne salkar da ke riƙe da ran ƙwayar, kuma shi yawancin peptid ke nufa. Fuskar tantanin bakteriya na ɗauke da cajin lantarki irin na kan batir mai alamar ɗebewa. Peptid ɗin nasa cajin na kan mai alamar tarawa ne, sai ya manne kamar allura a jikin maganaɗisu. Yana da gefe guda mai son ruwa da gefe guda mai son mai. Gefen man ya nutse cikin tantanin, in suka taru da yawa su huda shi. Salka in ta huje an san sauran zance, kuma cikin mintuna ake gamawa. Wasu, musamman masu yawan wani ɗan carbi da ake kira furolin, ba sa huji, sulalewa suke yi ciki su tsayar da masaƙa. Ƙwayoyin jikinmu kuwa fuskarsu ta waje kusan ba ta da caji, kolastarol kuma ya ƙara musu tauri, shi ya sa peptid ke wuce su, galibi. A riƙe wannan galibin, za mu komo kansa. Hujjar masu buri dai ita ce, sauya magini ɗaya abu ne mai sauƙi ga bakteriya, sauya fatar jikinta gaba ɗaya kuwa jan aiki ne.

Ba duka ne suka dace da buƙatarmu ba. Tun 1884 wani likita ɗan Denmak, Hans Christian Gram, ya raba bakteriya gida biyu da wani rini. A sauƙaƙe, masu riga ɗaya da masu riga biyu. Ta maruru da ta mashaƙo riga ɗaya gare su. Ta taifot, ta kwalara, ta ciwon mafitsara da waɗancan na yaran Maraɗi riga biyu gare su, kuma 'yan wannan gida ne a saman jerin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2017, ta sabunta a 2024, na waɗanda aka fi matsuwa da neman sabon maganinsu. Penayidin da kurustin sun fi ƙarfi a kan masu riga ɗaya, penayidin har da funfuna. Wato inda ya fi yi mana ƙaiƙayi ba nan suka fi sosawa ba.

Wanda ya fi jan hankalina shi ne dangi na uku, mai kama dafi, wanda ake taƙaita sunansa da ALF. Rigar waje ta masu riga biyu tana ɗauke da wani dafi. In suka shiga jini, ko da magani ya kashe su, dafin da ya watse daga gawarsu kan hargitsa jiki duka: zazzaɓi ya hau, jini ya sauka, ƙoda da huhu su gaza. ALF wannan dafin yake cafkewa, ya kuma kashe mai rigar. An fara samunsa a Japan a 1982 cikin wata halitta mai siffar kofaton doki, wadda ake kira ƙaguwa amma ta fi kusa da kunama da gizo-gizo. Jininta na daskarewa da zarar ya taɓa dafin, don haka tun shekarun 1970 ake gwada tsabtar allurai da ledar ƙarin ruwa da shi. Wanda aka taɓa yi wa ƙarin ruwa a asibitin ƙasa na Damagaram mai yiwuwa ya riga ya ci moriyar jinin teku bai sani ba. Daga baya aka samu ALF a jatan lande. Masu bincike a jami'ar Chulalongkorn ta Bankok sun toshe ƙwayar gadon da ke ƙera ɗaya daga cikinsu, sai bakteriyar da ke zaune lafiya a jikin jatan landen ta yi yawa ta kashe shi cikin sa'o'i. Ashe ko da lafiyarsa lau, wannan ɗan carbi ne ke tsare masa gida dare da rana.

Duk da wannan, har yau babu peptid ɗin jatan lande ko na ƙaguwa ko guda da aka amince a bai wa mutum a matsayin magani. Hangen Dala ba shiga birni ba ne. Kashe bakteriya a farantin gwaji ba wuya, sabulu ma yana yi. Wuyar ita ce a kashe ta a cikin jikin mai rai, shi kuma ya tashi.

Matsala ta farko ciki ne. Aikin tumbi da hanji shi ne tsinka carbin furotin, kuma ba sa bambance na nama da na magani. Shi ya sa ba a haɗiyar insulin. Shi ya sa kuma duk wanda ya ji wannan labari ya ce zai ƙara jatan lande a miya don maganin taifot ya dai ci daɗi kawai. An busar, an daka, an tafasa, abin da ya rage tumbi ya ƙarasa. In aka bi ta allura, jini ma yana da nasa almakashin, ƙoda kuma na tace guntun carbi ta zubar cikin ɗan lokaci. Sai gishiri: peptid da yawa ƙarfinsu na raguwa a gishirin jininmu, don yana shiga tsakanin cajin nan biyu. A nan ne na teku ke da ɗan fifiko. Litar jininmu gishirinta wajen giram 9 ne, ta teku wajen 35, kuma wasu peptid ɗin ƙaguwa sun saba aiki a irin wannan. Wasunsu, ba duka ba.

Sai mu komo kan galibin nan. Takifilesin, mai 'ya'ya 17 da aka fitar daga waccan mai siffar kofato a 1988, yana kashe masu riga ɗaya da masu riga biyu, amma in aka ƙara yawansa sai ya soma huda jajayen ƙwayoyin jinin mutum. Mai huda salka ba kullum yake tambayar ta wane ne ba.

Ga kuma kuɗi. Ba tatsar jatan lande za a yi a cika kwalba ba, abin da ke jikinsa bai taka kara ya karya ba. Ko dai a ɗinka carbin ɗa bayan ɗa a masana'anta, wanda tsada gare shi, ko a dasa wa yis ƙwayar gadon ya riƙa ƙerawa, kamar yadda aka yi da penayidin tun ƙarshen shekarun 1990, kamar kuma yadda ake samar da insulin daga ƙananan halittu tun 1982. Duk mai ɗan uwa mai suga a garin nan ya san abin da ke biyo baya: farashi, da neman firji, da fargabar ɗaukewar wuta a zafin Afrilu.

Kwaɗon Zasloff ya riga ya bi wannan hanya, kuma sawunsa abin dubawa ne. Daga magainin aka ƙera man shafawa mai suna peksiganan don gyambon ƙafar masu suga. A 1999 hukumar magunguna ta Amurka ta ƙi amincewa da shi, don bai fi maganin da ake da shi ba. Aka sake gwada shi, a 2016 ya sake faɗuwa. Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ko wanda ya haye ma bai tsira ba: kamfanin Achaogen ya samu amincewar sabon antibiyotik a 2018, ya karye a 2019. Sabon magani mai ƙarfi likitoci ɓoye shi suke yi sai ta ɓaci, kwana bakwai ake sha a daina, ribarsa ba ta kama ƙafar ta maganin hawan jini da ake sha har mutuwa ba.

Ya kamata kuma a san wa ya fi matsuwa da binciken nan tun farko. Don jatan landen kansa aka fi leƙa jininsa. Kiwonsa babbar sana'a ce a Sin da Indiya da Biyetnam da Indonesiya da Ekwado, kuma annoba ta sha tsayar da ita: cutar farin tabo tun 1992, sai wata mai kashe ƙanana da ta ɓulla a Sin a 2009, ta isa Tailan ta cinye kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa. Masu kududdufai suka riƙa yin abin da Gwaggo ke yi wa kaji, sai dai su da buhu suke zubawa. Tarayyar Turai ta hana sa antibiyotik a abincin dabbobi don ƙara musu ƙiba tun 2006, wasu ƙasashe suka bi, sai aka shiga neman madadi. Don haka ƙofar da ta fi kusa ga peptid ɗin teku ita ce ta abincin kifi da kaji da aladu, inda gwaji ya fi sauƙi, ciniki kuma ya fi yawa.

A ganina nan ne zancen ya fi nauyi, domin an taɓa yin haka. Kolistin peptid ne, daga wata bakteriyar ƙasa aka samo shi a Japan a ƙarshen shekarun 1940, kuma da caji yake manne wa rigar waje ya huda ta, kusan irin aikin da muka bayyana. Likitoci sun ajiye shi a shekarun 1970 don yana taɓa ƙoda, suka komo masa da sauran magunguna suka gaza. A tsakanin nan kuwa ana ta zuba shi a abincin aladu da kaji. A Nuwamba 2015 masana suka ba da rahoton wata ƙwayar gado mai suna mcr-1 a bakteriyar hanjin aladu a Sin. Aikinta shi ne shafa wa rigar wani abu da ke rage cajinta, sai maganaɗisu ya daina kamu. Tana kan irin zoben nan da ake miƙawa ta kan katanga, kuma ba a jima ba aka same ta a nahiyoyi daban-daban. Sin ta hana ba dabbobi kolistin don ƙiba a 2017, bayan aikin gama ya gama. Jan aikin nan na sauya fata, ashe bakteriya na iya shi in aka ba ta lokaci da dalili.

Abin bai tsaya kan kolistin ba. Wani bincike daga jami'ar Oxford a 2023 ya nuna cewa bakteriyar da ke ɗauke da wannan ƙwayar gado ta fi jure peptid ɗin jikin mutum da na dabbobi. In amoksisilin ya daina aiki mun yi asarar magani, za a nemi wani. In bakteriya ta koyi kauce wa makamai masu caji a kaskon kaji, abin da ke yawunmu da fatarmu da hanjin jariranmu ta koyi kauce wa. Jatan lande ya daɗe da makamansa ne saboda yadda yake amfani da su: iri-iri a lokaci guda, a ajiye cikin ƙwayoyin jininsa, a sake su da yawa a daidai inda ɓarna ta auku. Mu kuwa ɗabi'armu ita ce mu zaɓi guda ɗaya, mu ƙera shi tan-tan, mu watsa ko'ina kaɗan-kaɗan.

Ba na cikin masu cewa a ƙulle antibiyotik a huta. A ƙasar nan rashin samunsa ma kisa yake. Gwajin da aka yi a Nijar da Malawi da Tanzaniya, aka wallafa a 2018, ya nuna cewa bai wa ƙananan yara azitromisin sau biyu a shekara ya rage mace-macensu, kuma a jihar Doso ragin ya kai kashi 18 cikin ɗari. Binciken da ya biyo baya ya nuna bakteriya mai jure maganin ta ƙaru a garuruwan da aka raba shi. Gaba kura, baya sayaki, kuma uwar da ɗanta ya rayu ba za ta saurari lissafin shekara ashirin masu zuwa ba.

In peptid ɗin teku zai yi wa Damagaram amfani, na fi hango shi a waje da jiki, inda tumbi da ƙoda ba su da ta cewa: man shafawa na ƙuna da gyambo, ko rufin robar fitsari da ke hana bakteriya kafa sansani a kanta. Akwai kuma haɗa shi da tsoffin magunguna, shi ya huda riga su kuma su shiga, abin da ya sha yin kyau a faranti. Sai ya jure zafin kwali a kan saurayin kasuwa, don can zai ƙare ko an so ko ba a so. Kuma tunda kowanne da irin bakteriyar da ya fi ƙarfi a kanta, sai an san wace ce ke cin majinyaci, mai riga ɗaya ko mai biyu, me take ji me ta daina ji. Ɗaliban likitanci na jami'ar André Salifou ta Damagaram suna koyon wannan gwaji: a ɗebi jini ko fitsari ko mugunya, a shuka a faranti, a jera 'yan takardun magani a kai, a ga wanda ya hana ta tsiro. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa uku. Ga mai jinyar da ta taho daga Tanut ko Gure da jika biyar a ƙulle a bakin zane, kwana ukun nan su ma kuɗi ne: na gwajin, na abinci, na kabu-kabu, da na yaran da ta bar wa maƙwabciya.